Daga Kano zuwa kwarin Vesdre, inda ake murɗa ƙarfe ya zama hancin bindiga

Ɗan ƙanwata ne ya gayyace ni Beljiyam. A Maraɗi ya tashi, yanzu yana karatu a Jami'ar Liège. Ni malamin ƙira da walda ne a wata makarantar koyon sana'a a Kano, gidanmu kuma gidan maƙera ne kaka da kakanni. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya daɗe yana gyara wa mafarauta da 'yan bindigar sarki makamansu, kuma jefi-jefi akan kawo masa tsohuwar bindiga mai baki biyu wadda hancinta ke ɗauke da zane mai lanƙwashe-lanƙwashe. Ba sassaƙa shi aka yi ba, ba kuma fenti ba ne, don ko an bi shi da magagari ya ɓace, da tsatsa ta sake kamawa sai ya dawo. Maƙeranmu sun san ƙarfe iri biyu aka haɗa. Yadda aka yi har ya zama bututu mai ɗaukar albarushi, nan gizo ke saƙar. Da yaron ya ce min garin da yake zaune shi ne cibiyar wannan aiki a da, sai na fara tara kuɗin jirgi.

Biza ta ci Yuro 90, ban da inshorar lafiya, takardar gayyata da bayanan banki. A watan Oktoba na tashi. Daga Kano zuwa Kaduna a mota muka bi, shingayen jami'an tsaro na tsayar da mu nan da can, a leƙa a ce Allah Ya kiyaye hanya. A Rigasa na hau jirgin ƙasa zuwa Idu, na kwana gidan wani ɗan'uwa a Abuja, kashegari da dare jirginmu ya ɗaga zuwa Santambul. Zaman jiran jirgi na biyu ba shi da labari, sai dai na san ina zaune ne a ƙasar da ake ce ta hannunta wannan ƙira ta shiga Turai, domin maƙeran Daular Usmaniyya sun riga Turawa naɗe hancin bindiga da murɗaɗɗen ƙarfe.

A filin jirgin Burasels jami'in shige da fice ya riƙe fasfo ɗina ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Na ce ziyarar ɗa, da kuma ganin gidan tarihin makamai. Ya ɗago kai ya dube ni sosai. Sai na miƙa masa katin aikina, na ce ni maƙeri ne ɗan maƙeri. Ya duba tikitin komawa da takardar gayyata, ya tambayi kuɗin da ke hannuna, sannan ya buga hatimi. Ɗana na jira a waje da wata rigar sanyi mai kauri. "Kawu, sa wannan tukuna kafin mu gaisa," in ji shi. Gaskiyarsa. Sanyinsu ba irin na hunturunmu ba ne mai busar da leɓe, jiƙaƙƙe ne, yana zuwa da yayyafi ya ratsa tufa ya zauna a ƙashi.

Jirgin ƙasa zuwa Liège ya ci mini kusan Yuro 30, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintoci. Tashar Guillemins da muka sauka, wadda aka buɗe a 2009, rumfa ce ta farin ƙarfe da gilashi ba bango, kuma a matsayina na mai walda sai da na tsaya ina bin mahaɗan ƙarafunan da ido har yaron ya ja hannuna. Ɗakinsa na ɗalibai ba ya ɗaukar mutum biyu, don haka na kama ɗaki a wani ƙaramin masauki kusa da kogin Meuse, wajen Yuro 70 kowane dare. Wannan shi ne abin da ya fi cin aljihuna a tafiyar gaba ɗaya. Abinci bai ba ni wuya ba. Tun yarjejeniyar 1964 da ta kawo 'yan Maroko da Turkawa aikin haƙar kwal da masana'antu, garin ya cika da mahautan halal da masallatai. Da Yuro 10 zuwa 12 za ka ci shinkafa ko burodi da nama ka ƙoshi. Ƙwallon naman da garin ya yi suna da shi na bar musu, tunda galibi da naman alade ake haɗawa, amma wainarsu mai ƙwayoyin sukari a ciki na ci ta da shayi kusan kullum. Ranar Juma'a bayan salla na haɗu da Hausawan Nijar, 'yan Damagaram da Tawa, muka yi ta gaisawa kamar a ƙofar gida.

Gidan tarihin Grand Curtius yana bakin kogi, wani jan gini na tubali mai tsawo. Wanda ya gina shi wajen shekarar 1600, Jean Curtius, da sayar wa sojojin Sifaniya albarushi da makamai ya yi arziki. Kuɗin shiga kusan Yuro 10. A nan na fara ganin abin da na zo nema da yawansa: bindigogin farauta jere a cikin gilashi, hancin kowace da nata zanen. Wata zanenta layuka ne kawai suna zagayawa, wata ƙananan gewaye ne a jere kamar an auna da ma'auni, wata taurari, wata sarƙa. Su damas suke kiran wannan ƙarfe, da sunan birnin Dimashƙa, amma ba ɗaya ba ne da ƙarfen takubban nan na da, wanda ake narkawa a tukunya a Indiya zanensa ya fito daga cikin narkin. Na bindiga haɗi ne na wuta da masaba, ba a narka komai a cikinsa.

Wani abu kuma ya tsaya mini a rai. Garin da ya ƙera waɗannan kyawawa shi ne kuma ya yi ta ƙera bindigogi masu arha, irin masu ƙanƙara da muke kira adaka, ana lodinsu a jiragen ruwa zuwa gaɓar Afirka. Birmingham ta Ingila ma haka. Bayan taron Burasels na 1890, inda Turawa suka hana a sayar wa yawancin Afirka bindigogin zamani suka bar mana masu ƙanƙara da baƙin albarushi, Liège ta ci gaba da ƙera mana su har cikin ƙarni na 20, lokacin da su kansu sun manta da irinsu. Mafi arha a cikinsu hancinta falle ɗaya ne na baƙin ƙarfe, a lanƙwasa shi a tsaye a kan sanda a haɗe bakinsa, ɗinki ɗaya daga gindi har baki. In ta tashi fashewa, ta wannan ɗinki take tsagewa. Mai kyau ya tafi London da Amurka, mai arha ya zo hannun kakanninmu, kuma Allah kaɗai Ya san yatsun da suka tafi a haka. Na fito daga gidan da sha'awa da ɓacin rai a haɗe.

A dandalin kasuwar tsakiyar gari akwai wani ginshiƙi a kan matakala da suke kira Perron, alamar 'yancin garin. Da na gan shi na gane shi, domin ɗan ƙaramin hotonsa na nan a buge a gindin hancin bindigogin Beljiyam, kusa da haruffan ELG a cikin da'ira mai siffar ƙwai. Hatimin gidan gwaji ne. Tun 1672 doka ta wajabta a gwada hancin bindiga a Liège, a cika shi da albarushi fiye da kima a tayar, in ya jure a buga masa hatimi. Birmingham ta kafa nata gidan gwajin a 1813.

Ƙirar kanta ba a cikin birni aka yi ta ba, a ƙauyukan kwarin kogin Vesdre ne, inda ruwa ke juya injinan huda da duwatsun washi. Jirgin da ke zuwa Verviers muka hau, mai tsayawa kowace tasha: Angleur, Chênée, Chaudfontaine, Trooz, Fraipont, sai Nessonvaux, ƙasa da rabin sa'a. Kwari ne matsattse, tsaunuka masu duhun itace dama da hagu, jirgi na shiga rami yana fita. Kogin a ido ƙarami ne, amma a watan Yulin 2021 ya yi ambaliyar da ta ci rayuka da dama ta rushe gidaje, kuma har lokacin da na je ana ganin gidajen da aka toshe tagoginsu da katako, da layin da ruwa ya bari a bango sama da tsayin mutum. Wanda ya ga abin da ruwa ya yi a Haɗeja ko Maiduguri zai gane fuskar mutanen wurin. Nessonvaux shiru take. Ba ƙarar masaba, ba hayaƙi. Abin da aka fi nuna wa baƙo shi ne tsohuwar masana'antar motoci ta Imperia, wadda ta yi hanyar gwajin mota a kan rufinta. Gidajen dutse na nan a bakin ruwa da ƙananan magudanan da ke kai ruwa ga injin, amma in ba a gaya maka ba, ba za ka san daga nan aka cika duniya da hancin bindiga ba.

Wani maƙwabcin ɗana ne ya haɗa mu da wani dattijo a kusa da Trooz, tsohon mai gyaran bindigogin farauta da ya yi karatu a makarantar Léon Mignon ta Liège, wadda ke koyar da wannan sana'a tun 1897. Bai taɓa ƙera damas da hannunsa ba, an daina kafin a haife shi, amma ya yi rayuwarsa yana aunawa da gyara su. Da ɗana ya gaya masa ni ɗan maƙera ne, sai ya kama hannuna ya juya tafin ya duba, ya gyaɗa kai, ya ja mu zuwa ɗakin aikinsa a bayan gida. Matarsa ta kawo gahawa. Daga nan har la'asar yana magana da Faransanci, yaron na juya mini, inda kalma ta gagara mu koma nuni da hannu, kuma sau da yawa nakan gane kafin fassarar ta iso.

Ya ɗauko wani ƙarfe da tsayinsa ya kai kamu biyu ya aza a teburi. Masu ƙira ne suka yi shi don nuna wa masu saye, dukkan matakan aikin a jiki ɗaya. A ƙarshe ɗaya sanduna uku ne a ware, masu kusurwa huɗu, kaurin kowace bai kai ɗan ƙaramin yatsa ba. In ka dubi bakin sandar za ka ga falle-falle, fari da baƙi. Ka matsa gaba kaɗan, sandunan sun murɗe. Gaba kuma sun manne sun zama ɗamara ɗaya mai faɗi. Sai ɗamarar ta fara naɗewa da giɓi tsakanin naɗi da naɗi, sai giɓin ya rufe, sai ga bututu baƙi mai tabon masaba, a can ƙarshe kuma bututu mai santsi da zanensa tar. Na riƙe shi na daɗe ina bi da babban yatsa daga wannan kai zuwa wancan. Abin da gidanmu ya yi shekaru yana tambaya, ga shi a tafin hannuna.

Aikin yana farawa da jeri. A ɗauko fallayen baƙin ƙarfe mai laushi da na ƙarfe mai tauri, sitil, a jera ɗaya bisa ɗaya, a ɗaure, a kai wuta har su yi fari, a haɗe su dunƙule guda, sannan injin matsa ya ja dunƙulen ya zama dogayen sanduna. Kowace sanda a mai da ita wuta ta yi ja, a kafe kai ɗaya, a murɗa ɗayan, mutum na biyu na riƙe da awartaki yana bin inda murɗin ya yi yawa ko ya yi kaɗan yana daidaitawa. Sanda takan gajarce sosai saboda murɗi. Sai a jera biyu ko uku ko fiye gefe da gefe, wannan murɗinta dama, ta kusa da ita hagu, a haɗe su da masaba su zama ɗamara, mai kauri ta wajen da zai zama gindi inda albarushi ke tashi, siririya ta wajen baki. Daga nan a sa wa wata sandar ƙarfe rigar falle siriri, a naɗa ɗamarar a kanta gefe na taɓa gefe, kamar yadda baduku ke naɗe ƙotar bulala da tsirin fata. A zare sandar, rigar ta zauna a ciki tana riƙe da naɗin.

Wurin haɗe naɗin nan ne gwani ke fita daban. Ba a haɗe shi gaba ɗaya, ɗan taƙi kaɗan ake sa wa wuta, tsawon yatsu biyu ko uku. Da ya yi fari a fizgo shi, a zura sanda a ciki don kada ramin ya rufe, a doka gindin bututun a ƙasa bisa farantin ƙarfe don naɗin ya matse juna, a kwantar da shi a kwarmin uwar maƙera mutum biyu su rufe shi da duka da sauri suna juyawa, a mayar wuta. Hanci ɗaya yakan shiga wuta sama da sau ɗari. Duk maƙeri ya san abin da wannan ke nufi: wuta ta yi yawa sau ɗaya, ƙarfe ya ƙone; ta yi kaɗan sau ɗaya, haɗi bai kama ba, kuma aibin na ɓoye a ciki ba mai gani sai ranar gwaji. Ba su da ma'aunin zafi, launin ƙarfe da tartsatsi suke karantawa, daidai yadda mahaifinmu ke ɗaga wa mai zuga hannu ba tare da ya ce uffan ba. Dattijon ya kunna mana wani tsohon fim marar sauti da aka ɗauka a Nessonvaux wajen 1925, na ga mutanen da takalman katako, ba safar hannu, ba abin kare ido, masabarsu na sauka bi da bi ba mai karo da wani.

Bayan ƙira sai huda. A rarake cikin har rigar nan ta fita ƙarƙaf, domin in guntunta ya saura aibi ne. A miƙar da bututun da ido, ana hango haske ta cikinsa ana duba inuwa. A kai shi ga babban dutsen washi da ruwa ke juyawa a wasa bayansa, aikin da ƙurarsa ta cinye huhun masu yinsa da yawa. W. W. Greener, maƙerin bindigogi na Birmingham, ya rubuta cewa ana bukatar ƙarfe wajen kilo 8 don a fitar da hanci biyu da nauyinsu bai wuce kilo ɗaya da rabi da 'yan kai ba. Sauran ya tafi a wuta da dutse. Duk da haka zanen bai fito ba tukuna, sai an shafa asid irin na ruwan batir, wanda ke cin ƙarafan biyu ba daidai ba, ɗaya ya yi duhu ɗaya ya yi haske. Ingilishi sun fi son a bi da tsatsa a hankali, a shafa a bari ta kama a goge, har ya yi ruwan ƙasa. Amurkawa sun fi son a dafa shi ya fito baƙi da fari.

Sai ya buɗe wata durowa cike da guntayen hanci, ya shiga koya mini karatu. Ashe zanen rubutu ne, yana gaya maka abin da aka yi wa ƙarfen tun daga jeri. Na farko layuka ne siraran suna zagaya bututun a karkace, ba gewaye ko ɗaya. Wannan ba a murɗa sandarsa ba, naɗi kawai aka yi, shi ne mafi sauƙi da arha. Duk da haka ya fi mai ɗinki a tsaye nesa ba kusa ba, don ƙarfin albarushi so yake ya buɗe bututu ta gefe, shi kuwa naɗi ya sa jijiyar ƙarfen ta zagaya ta ɗaure shi. A Ingila akwai wani irinsa da suka daraja ƙwarai, wanda ake yi da tsofaffin ƙusoshin takalmin doki haɗe da guntayen sifirin na keken doki, saboda ƙusar doki da mafi kyawun ƙarfe ake yinta. Guntu na biyu daga durowar zanensa a hargitse yake, ba tsari. Shi guntayen sitil da baƙin ƙarfe ne aka dunƙule a wuta aka ja, sitil ɗin ya fi yawa, murɗin kaɗan. Ba ya ɗaukar ido, amma a gwajin da gidan gwaji na Birmingham ya yi wa ire-iren hanci aka fitar da sakamako a 1891, irin wannan na Ingila mai sanda uku ya zo a sahun gaba.

Na uku shi ne damas na sosai, mai gewaye-gewaye. Ya ba ni madubin ƙara girma ya ce in nemi layin da ke zagaya bututun a miƙe, wato mahaɗin naɗi, in ƙirga jerin gewayen da ke tsakaninsa da na gaba. A haka ake sanin sanda nawa aka haɗa, biyu, uku, huɗu, har shida a masu tsada. Yawan sanduna da sirancinsu, ƙanƙantar zane. Na tambaye shi ko mai sanda shida ya fi ƙarfi. Ya girgiza kai. Ya ce ya fi kyau, ya fi cin aiki, ya fi kuɗi, amma murɗi in ya wuce kima yana wahalar da ƙarfe, kuma kowace sanda ƙarin mahaɗi ce. Ingilishi sun yi ta gorin cewa nasu ya fi sitil ya fi ƙwari, na Beljiyam ado ne. Dattijon ya yi dariya ya ce to, amma da yawa daga cikinsu a nan kwarin suke saye. Kamfanonin Amurka irin su Parker, Remington, Ithaca da L.C. Smith ma galibin hancinsu na damas daga Beljiyam yake zuwa.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne masu suna: Bernard, da sunan wani maƙerin Paris, da mai tauraro, da mai sarƙa, da Boston, da Washington. Waɗannan bambancinsu tun daga jeri ne. Maimakon falle bisa falle, sai a jera ƙananan sanduna farare da baƙaƙe a tsara su yadda in ka dubi bakin dunƙulen za ka ga ɗaki-ɗaki ko gicciye ko wata siffa. Siffar nan za ta bi jan injin, ta bi murɗi, ta bi masaba, sannan dutsen washi ya yanke ta a wani zurfi, kuma zurfin ma yana canja abin da zai fito. Wato mai jerin tilas ya riga ya ga zanen ƙarshe a zuciyarsa tun ƙarfe na sanyi. Har akwai waɗanda suka jera haruffa, sunan mutum ya fito a jikin hancin yana maimaita kansa daga gindi har baki. Mutanen da suka yi wannan ba injiniyoyi ba ne, ƙauyawa ne da suka gada daga iyayensu, kuma ba na jin akwai wata ƙira ta wuta da masaba da ta wuce wannan a lissafi.

Akwai na jabu ma. Ya nuna mini wani da aka buga wa zane a kan bututun ƙarfe zalla don a yaudari mai saye. Gane shi ba wuya: a goge wani ɓoyayyen wuri a ƙarƙashin katakon gaba, a ɗiga asid. Na gaske zai dawo, na ƙarya ya tafi ke nan.

Abin da ya kashe sana'ar ba wai rauninta ba ne kaɗai, tsada ce. Da Joseph Whitworth a Ingila da manyan masana'antu irin su Krupp a Jamus da Cockerill a Seraing, nan kusa da Liège, suka iya narka sitil mai tsabta, sai ya zama ana huda sanda ɗaya da inji a sami hanci, ba murɗi ba naɗi. Albarushi marar hayaƙi ya shigo a ƙarshen ƙarni na 19. Ingila ta daina a farkon ƙarni na 20, yaƙin 1914 ya tsayar da aiki a kwarin, kuma zuwa wajen 1930 wutar ƙarshe ta mutu. Na tambaye shi ko akwai wanda zai iya yi yau. Ya ce masu ƙera wuƙa na yin damas, wasu kuma sun gwada hanci, amma hannun da ke yinsa kullum da sauri ba tare da aibi ba ya tafi da masu shi. Nan na tuna da masu narka tama na ƙasarmu, waɗanda ƙarfen mota da na reluwe ya kashe wa kasuwa, yau da wuya ka sami dattijon da zai gina maka murhun ya fitar da ƙarfe. Su aƙalla sun ɗauki fim, sun ajiye samfuri a gilashi.

Kafin mu tashi ya ja kunnena a kan abu ɗaya, ya ce in kai wa mafarautanmu. Hancin damas yana da mahaɗi mai tsawon gaske a naɗe, kuma bayan shekara ɗari tsatsa na iya bin mahaɗin ta ci ciki alhali waje na sheƙi. Yawancinsu don baƙin albarushi aka yi su, ɗakin harsashinsu kuma gajere ne, milimita 65, na yanzu kuwa galibi 70 ne ko fiye. Wasu an sha rarake cikinsu don cire tsatsa har bango ya yi siriri. A Turai akwai masu harbi da su har gobe, amma sai an auna kaurin bango an mayar gidan gwaji an sake buga hatimi. Mu da ba mu da wannan, wanda ya gaji irinta ya rataye ta a ɗaki, kada ya sa mata harsashin kasuwa. Hannun hagu daidai inda take fashewa yake zama.

Ya so ya ba ni guntun hanci ɗaya kyauta. Na yi godiya ƙwarai na ce ya bar shi a durowarsa, domin ɓangaren bindiga ne ko da ya mutu, kuma ba ni da takardar da zan nuna a filin jirgi, can ko nan. Maimakon haka ya bari na ɗauki hoton kowane guntu, ya kuma zana mini a takarda yadda ake jera dunƙulen mai tauraro. Ya rako mu har tasha cikin yayyafi.

Ranar Lahadi na zaga kasuwar La Batte da ke ci a bakin kogi na sayi tsaraba, cakulan da rigunan sanyi na yara, na kuma hau matakalar Bueren mai hawa 374 don in ga garin daga sama. Komowa ta Santambul da Abuja lafiya lau, jami'an kwastan suka buɗe jaka suka rufe. Da na koma aiki na sa ɗalibaina suka yanko sifirin na mota da fallen baƙin ƙarfe, muka jera bakwai, muka haɗe a wutar gawayi, muka ja sanduna uku muka murɗa, biyu dama ɗaya hagu a tsakiya. Bututu ba namu ba ne, doka ma ba ta ba mu ba, ruwan wuƙa muka fitar. Da muka tsoma shi a ruwan batir gewayen suka fito jeri uku, manya-manya, ba su kai na Nessonvaux tsari ba. Yanzu muna kan dunƙulen mai tauraro, kuma wani tsohon maƙeri daga unguwarmu ya ce zai zo ya riƙe mana wuta.